Dukushi ɗan shekara biyu: sirdi zan fara ɗora masa ko amalanke?

Mai Bidi ya rubuta:

Assalamu alaikum, dattawa da 'yan'uwa masu kiwon dawaki. Ina neman shawararku a kan wani dukushi bidi da na saya a kasuwar Maigatari bayan kaka, wanda mai shi ya tabbatar mini cewa ya cika shekara biyu. Lafiyarsa ƙalau, yana cin harawa da dusa sosai, kuma yana yarda a sa masa ragama a ja shi zuwa rijiya, amma ba a taɓa ɗora masa sirdi ba, linzami ma bai taɓa shiga bakinsa ba. Buƙatata da shi iri biyu ce. Ina so ya riƙa ja mini ƙaramin amalanke, domin kai taki gona da rani da kwaso amfani da kaka, tunda kuɗin hayar mota ya fi ƙarfin ƙaramin manomi a yanzu. Ina kuma so idan ya girma in riƙa hawansa, ko da kilisa ce da yamma, in Allah ya yarda har in bi ayarin hakiminmu da shi a hawan salla.

Waɗanda na tuntuɓa a garinmu sun rabu gida biyu. Wasu sun ce in fara horar da shi ga hawa, domin dokin da ya fara da ja ba ya sake yin kyau a ƙarƙashin sirdi. Wasu kuma sun ce bayansa bai yi ƙwarin ɗaukar mutum ba tukuna, don haka gara ya fara da amalanke, kafin ya kai shekarun hawa ya riga ya san aiki. Wanne ya kamata in fara, kuma yana ɗan shekara nawa? Ina roƙon waɗanda suka taɓa horar da doki da hannunsu su taimaka mini.

Tsohon Ɗan Barga ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya sa masa albarka, ya sa ka more shi. Ni a barga na tashi, kuma abin da na gani a wajen magabatana shi ne doki na hawa ne, ja kuwa aikin shanu ne da jakai, saboda haka kada ka yi mamaki idan na karkata ga sirdi. Amma ba al'ada kaɗai ce hujjata ba, akwai dalili a jikin dokin kansa.

Dokin da ke jan kaya yana koyon jingina ƙirjinsa a kan ɗamara, ya sunkuyar da kai, ya zuba nauyinsa gaba, domin ta haka ne kayan ke motsawa. Dokin hawa irin wanda muke so a ƙasar nan akasin haka ake nema daga gare shi: ya ɗaga gaba, ya tattaro ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, ta yadda idan an sako shi da sukuwa a gaban sarki aka ja linzami zai zauna a kan cinyoyinsa ya yi zamiya ba tare da ya kife ba. Abin da jiki ya fara sabawa da shi yana da wuyar kankarewa, kuma na ga dawakin da suka daɗe a amalanke, idan aka hau su sai ka ji duk nauyinsu a hannunka, ga baki ya mutu saboda yawan fizgar direbobi marasa tausayi.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Idan kana bisa doki ya tsorata, kana jin tsoron a jikinsa tun kafin ya zabura, kana iya juya kansa ka zagaya da shi har ya huce, in abin ya ƙi ka diro ka riƙe shi. Wanda ke zaune a amalanke ba shi da komai sai igiya biyu da muryarsa. Dukushin da bai san tsayawa ba tukuna, idan ya zabura da amalanke a bayansa, abin da yake gudu yana biye da shi yana ƙara, kuma ba zai tsaya ba sai ya daki katanga ko ya kifar da shi. Dokin da hakan ta taɓa faruwa da shi sau da yawa ba ya sake yarda a ɗaura masa komai har abada.

Sai dai ban ce ka hau shi yanzu ba. Mu a da, sai doki ya haura shekara uku ake ɗora masa yaro marar nauyi, ba sirdi, da ragama kawai, babba yana riƙe da igiya yana tafiya da su. Sirdi da linzami sai daga baya.

Ɗan Sinnar ya rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma, na karanta bayaninka kuma ban musa haɗarin da ka ambata ba, amma ina neman izini in kawo abin da muka saba da shi a namu ɓangaren. Ni daga Hausawan Sudan nake, na yankin Sinnar, kuma a wurinmu karo, wato amalanken doki ko na jaki, shi ne ke ɗaukar ruwa da bulo da kayan kasuwa, balle tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 mai ya yi wuya. Dawaki da yawa a can da ja suke fara aiki, kuma ana hawansu daga baya ba tare da wata matsala ba. Dokin da ya zabura da amalanke, kusan kullum za ka tarar an yi masa gaggawa ne, an kamo shi daga turke yau an cusa shi tsakanin sanduna gobe.

Hanyar da na koya daga mahaifina tana da tsawo, amma kowane mataki yana tsare na gabansa. Da farko dukushi ya san tafiya da tsayawa da ja da baya a hannu, ya yarda a taɓa shi ko'ina, har ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi, ya kuma yarda a ɗaga kowane kofato. Ka zaɓi kalma ɗaya ta tafiya da kalma ɗaya ta tsayawa, kada ka sauya su, kada kuma yaran gida su riƙa yi masa wasu daban. Bayan haka sai a ɗaura masa majayi a hankali, a bar shi ya yi tafiya da shi har ya daina kumbura ciki. Sannan a ɗaura dogayen igiyoyi biyu a gefen ragama, a zura su ta zobba a jikin majayin, mutum ya koma bayansa nesa da inda harbi zai kai, yana tafe a ƙasa yana tuƙa shi, wani kuma yana riƙe da kansa a kwanakin farko. A nan ne doki ke koyon juyawa dama da hagu, da tsayawa cik, da tafiya gaba alhali babu kowa a gabansa, kuma wannan darasi ko da hawa kaɗai kake nufi ba za ka yi asararsa ba.

Sai ya ƙware a wannan ake shigo da abin ja. Mataimaki ya fara jan tsohuwar taya a ƙasa, a gabansa, a gefensa, sannan a bayansa, har ƙarar ta zame masa ba komai ba. Ranar da za a haɗa tayar da ɗamarar ƙirjinsa, ba a ƙulla igiyar. A zura ta ne mataimaki ya riƙe bakinta, da zarar dokin ya firgita sai ya saki, tayar ta tsaya a inda take. Daga nan sai gora biyu a gefe da gefe, domin ya saba da abu mai tauri yana gugar haƙarƙarinsa da cinyarsa idan ya juya. Amalanken kansa ma mutane ne ke fara jan sa a bayan dokin, ba a ɗaure ba. Ranar ɗaurawa ta farko a sami fili mai faɗi, mutum biyu a kansa, amalanken babu kaya, a yi 'yar tafiya kaɗan a kwance shi tun bai gaji ba.

Akwai doka guda da ba a karya ta ko ga tsohon doki: ba a cire masa ragama ko linzami matuƙar yana ɗaure da amalanke, ko da ruwa za a ba shi. A kwance amalanken tukuna. Game da fatar da wasu ke kare gefen idon doki da ita kuwa, ra'ayina shi ne ya fara ganin abin da yake ja da idonsa ya yarda da shi, domin wanda aka rufe wa ido tun farko, ranar da fatar ta goce zai ga amalanken kamar bai taɓa ganinsa ba.

Likitar Dabbobi ta rubuta:

Ina gaida Baba da Malam na Sinnar. Malam Mai Bidi, kafin a zaɓi tsakanin sirdi da amalanke, ina so a fara tabbatar da shekarun dokin, domin maganar mai sayarwa a kasuwa ba ta isa a gina horo a kanta ba. Buɗe leɓensa ka duba haƙoran gaba, shida ne a sama shida a ƙasa. Haƙoran ƙuruciya ƙanana ne, farare tas, masu siririn wuya kusa da dasashi. Doki yana famfarar biyun tsakiya yana da kimanin shekara biyu da rabi, na kusa da su a shekara uku da rabi, na gefe a shekara huɗu da rabi, sai a shekara biyar bakinsa ke cika da manyan haƙora. Idan ka ga duk na ƙuruciya ne, to bai kai biyu da rabi ba, kuma yana iya yiwuwa ma bai cika biyun ba.

Abin da ya sa shekaru ke da muhimmanci shi ne ƙashi. A ƙarshen ƙasusuwan dabba mai tasowa akwai guringuntsi inda ƙashin ke ƙara tsawo, kuma waɗannan wurare suna rufewa ne daga ƙasa zuwa sama. Na kusa da kofato suna rufewa tun a shekarar farko, na gwiwa wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, na kafaɗa da ƙugu wajen uku zuwa huɗu, amma ƙashin baya, wanda shi ne mahayi ke zama a kansa, shi ne na ƙarshe, sai wajen shekara biyar zuwa shida. Mutane kan duba ƙafafu su ga sun miƙe sun yi ƙarfi, su ɗauka doki ya isa hawa, alhali gadon bayan bai gama ƙosawa ba. Ƙa'idar da aka fi amfani da ita ga babban doki ita ce kada abin da ke bayansa, mahayi da sirdi duka, ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsa. Dokin da ke da kilo 300 ke nan kilo 60 ne rabonsa, kuma kowa ya san sirdinmu na gargajiya da jalala da likkafun ƙarfe da sauran kayan ado ba ƙaramin nauyi ne da su ba tun kafin mutum ya hau.

Ta wannan fuska masu cewa a fara da ja suna da gaskiya, domin jan amalanke marar kaya a kan hanya mai tauri bai kai ɗaukar babban mutum takura wa baya ba. A Amurka dawakin tseren keke ana saba musu da keken tun ba su cika shekara biyu ba, amma keken nasu ɗan ƙarami ne ƙwarai, filin kuma a daidaice yake, ba a kwatanta shi da buhunan gero a hanyar gona mai yashi. A ɗaya ɓangaren, tsohuwar makarantar hawan doki ta birnin Biyana a ƙasar Ostiriya ba ta fara horar da ingarmunta ga hawa sai sun kai kimanin shekara huɗu, kuma dawakinsu kan daɗe suna aiki har su haura shekara ashirin. Ja mai nauyi ma yana lalata ƙaramin doki: yana cin gaɓoɓin ƙafafun baya da ƙugu, musamman a yashi ko a hawan tudu, inda taya ke nutsewa dokin ya riƙa fizga.

Saboda haka shawarata ita ce a wannan shekarar kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun. Ka yi dukkan aikin ƙasa da Malam na Sinnar ya bayyana, minti 15 zuwa 20 a rana ya isa, da safe ko da la'asar, domin hankalin dukushi ba ya jure fiye da haka. Idan ya cika uku sai ya fara jan amalanke wayam, sannan kaya kaɗan a hanya mai kyau. Tsakanin uku da rabi zuwa huɗu a fara ɗora masa mahayi marar nauyi kamar yadda Baba ya faɗa, ana cakuɗa aikin biyu a cikin mako. Cikakken kaya, da sukuwa da zamiya, da yinin hawan salla a ƙarƙashin kayan ado, a bar su sai ya kai biyar.

Ina da roƙo guda game da linzami. Daga shekara biyu da rabi zuwa huɗu da rabi bakin doki a cikin sauyi yake, har matauna na ciki suna famfara, kuma wasu dawakin suna da wani ɗan ƙaramin haƙori a gaban mataunan sama, daidai inda ƙarfen linzami ke kaiwa. Linzaminmu mai zobe a haɓa da harshe mai tokare ganda yana da zafi sosai, an yi shi ne don dokin da ya riga ya horu da hannun da ya ƙware. Idan aka sa wa dukushi shi, tutsun da za a gani ciwo ne, ba taurin kai ba. A fara da ragama, in an zo sa ƙarfe a nemi sassauƙa mai gaɓa a tsakiya, a kuma sa likita ya duba bakin tukuna. A yi masa rigakafin tetanos kafin a fara aikin, domin gurjewa ba ta ƙarewa a lokacin horo.

Mai Bidi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Likita, na duba bakinsa kamar yadda kika ce, dukkan haƙoran gaba ƙanana ne farare, babu wanda ya faɗi, don haka zan haƙura da aikin ƙasa a bana. Sauran tambayoyina biyu ne. Akwai amalanken shanu a gidanmu mai taya biyu, shin maƙeri zai iya gyara shi ya dace da doki idan lokaci ya yi? Sannan Baba, maganarka ta cewa ja yana ɓata dokin hawa ta tsaya mini a rai; idan na bi tsarin da Likita ta kawo, kana ganin har yanzu zai ɓaci?

Tsohon Ɗan Barga ya sake rubutawa:

Ɗana, bayanin Likita a kan ƙashi ya yi daidai da abin da muka gani da ido, domin dawakin da aka yi wa saurin hawa su ne bayansu ke lotsawa tun ba su tsufa ba. Idan kayan ba su yi yawa ba, kuma ana hawansa a tsakani, ba zai ɓaci ga kilisa da bin ayari ba. Amma ina nan a kan bakana cewa kada a ɗaura masa amalanke sai ya zama idan ka ce ya tsaya zai tsaya ko da babur ya wuce ta gefensa, kuma kada ka ba wa yaran haya shi su tuƙa, domin a hannunsu baki ke mutuwa. Idan burinka dokin zamiya ne na gaban fada, gaskiya ka nemi jaki ko shanu su yi maka aikin gona. Ka kuma tuna cewa namiji ne, tun yanzu ma yana iya fara jin kansa, kuma ingarman da ya hango goɗiya alhali yana tsakanin sandunan amalanke sai mai hannu da sanyin zuciya. Ka riƙa kai shi inda ake kiɗa da buga bindiga tun yanzu, daga nesa, kana riƙe da shi a ƙasa, kana matsawa kaɗan kaɗan.

Ɗan Sinnar ya sake rubutawa:

Malam Mai Bidi, amalanken shanu bai dace da doki ba sai an sake shi sosai, kuma sau da yawa ƙera sabo ƙarami ya fi sauƙi. Na shanu sanda ɗaya gare shi a tsakiya, an yi shi don dabba biyu masu ja da karkiya a gaban tozo, ga shi da nauyi tun babu kaya. Doki da ƙirji da kafaɗa yake ja, don haka yana buƙatar sanduna biyu, ɗaya a kowane gefe, da ɗamara mai faɗi mai laushi wadda za ta zauna a ƙirjinsa sama da mahaɗar kafaɗa amma ƙasa da maƙogwaro. In ta hau sama za ta shaƙe shi, in ta sauka ƙasa za ta hana ƙafafun gaba sakewa. Kada a yi ta da igiyar leda ko yankakkiyar taya tsirara, domin su ne ke haddasa mikin da ke hana doki aiki wata da watanni. Fata ko zane mai kauri da aka naɗe da tsumma mai tsabta ya fi, kuma a riƙa wanke gumin da ya bushe a jikinta.

Abu biyu ne maƙera suka fi mantawa. Na farko shi ne maɗaurin da ke zagaya cinyoyin doki ta baya ya haɗu da sandunan, wanda shi ne birkin amalanken. Idan babu shi, da an zo gangara ko an tsaya amalanken zai taho ya daki ƙafafunsa, kuma daga nan ne harbi da zabura ke farawa. Na biyu shi ne daidaiton nauyi. A amalanke mai taya biyu, duk kayan da aka tara a gaban ƙarfen da ke haɗa tayoyin a kan bayan doki suke sauka ta hanyar sandunan, ka ga an koma ga matsalar da Likita ta yi gargaɗi a kanta ba tare da kowa ya hau shi ba. Idan kuma aka tara su a baya, sandunan za su ɗaga su ja majayin sama a cikinsa. Gwajin mai sauƙi ne: bayan an yi lodi, kafin a kawo dokin, ka kama bakin sandunan ka ɗaga su zuwa tsayin da za su zauna a jikinsa. Idan kana iya riƙe su da hannu ba tare da wahala ba, kuma ba sa neman tashi sama, lodin ya daidaita. Ka ce wa maƙerin ya auna tsawon sandunan a jikin dokin idan ya cika shekara uku, ba yanzu ba, ya kuma bar tazarar da ko ya miƙe ƙafar baya gaba ɗaya ba za ta taɓa gaban amalanken ba.